Yabo da talla a Turanci

Abin da ke burge ni da Turanci shi ne yadda suka raba yabo kashi-kashi. Praise ta kowa da kowa ce, commend kuwa ta ofis ce, oga ya yaba wa ma'aikaci a rubuce. Extol daga Latin ta fito, asalinta ɗaga abu sama, tana da nauyi, ba a cika jinta a hira ba. Amma don Allah ku lura da tout, yabo ne haɗe da talla, in jarida ta yi amfani da ita kan wani sabon magani to sau da yawa mai rubutun bai gama yarda ba, shakku yake nunawa. Hype kuma zuzutawa ce da ta wuce gona da iri.