An gama mini kemo, ga godiyata gare ku duka

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, Allah ya nufa an ɗaura mini kemo na ƙarshe, wato maganin sankara da ake sa mini ta jijiya, dakta ya duba sakamako yace jiki ya karɓi magani yadda ake so, yanzu saura bibiya da sauran abin da za su tsara. Tun ranar da aka ce ina da sankarar mama nake samun kira da saƙonni, wasu na amsa, da yawa ban iya ba don akwai ranakun da ko ɗaga waya ma aiki ne, shi ne nace bari in zauna in rubuta guda ɗaya kowa ya samu nasa. Kuma tunda akwai masu tambayata cewa mamansu ko matarsu za ta fara kemo me za su shirya, zan haɗa da abin da ya yi mini amfani, don kusan kowace dabara daga hannun wani a cikinku na same ta.

Da sistocin ɗakin kemo zan fara, Allah ya saka muku da alheri ya yi wa zuri'arku albarka. Musamman sistar da ta zaunar da ni da maigidana kafin a sa mini komai, ta rubuta mana lambar da za mu kira ko da tsakar dare ne, tace mu sayi ma'aunin zafin jiki kafin mu koma gida. Ita ta fahimtar da ni cewa kemo yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne yana kashewa, kuma ba na cutar kaɗai yake samu ba, har da na gashi da na cikin baki da na ɓargo inda ake yin jini. Shi yasa fararen ƙwayoyin jini masu kare mutum daga cuta suke yin ƙasa sosai, yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zaman kemo, lokacin ne ƙaramar cuta take iya kwantar da mutum cikin awoyi kaɗan. Tace mini Hajiya idan ma'auni ya nuna 38 ko sama, ko kina rawar sanyi, kar ki jira gari ya waye, kuma kar ki sha farasitamol kafin ki auna don zai ɓoye zazzaɓin ne ki ɗauka kin samu sauƙi. Wallahi wannan maganar ita ce ta fi komai a duk abin da zan rubuta. Akwai daren da ya faru da ni, sanyi ya rufe ni haƙora suna haɗuwa, maigida ya auna ya ga ya wuce 38, bai tsaya shawara da kowa ba ya kira lambar ya sa ni a mota, muna isa ya faɗa musu kemo nake yi aka ɗebi jini aka sa mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take. Abban yara, ban san da wane baki zan gode maka ba, Allah ya biya ka da gidan aljanna. Ku kuma masu jinya dan Allah ku riƙe wannan, kuna shiga asibiti ku fara da cewa mara lafiyar nan yana kan kemo, kar a bar shi a layi.

Su dai sistocin suka koya mini in sha ruwa sosai tun ana gobe zama kuma in ɗumama hannu, jijiya ta fi saurin fitowa ba sai an yi ta suka ba. Suka ce in na ji zafi ko raɗaɗi ko kumburi a wurin kanula, 'yar robar da ake sawa a jijiya, ana cikin ƙarin ruwan in yi magana a take, kar in ce bari in daure, saboda wasu magungunan in suka zuba a wajen jijiya suna cin nama. Wanda aka fara mini da shi, doksorubisin, ja ne wur, kuma fitsari yana yin ja kwana ɗaya zuwa biyu bayansa, da ba a gaya mini ba da na tsorata nace jini ne.

'Yan ɗakin gwaji da 'yan famasi ku ma na gode da haƙurin da kuka yi da ni. Kafin kowane zama sai an gwada jini, in ya yi ƙasa a ɗaga ranar, kuma gaskiya ɗagawar tana da ciwo a rai tunda mutum ya ƙagu ya gama, amma kariya ce ba koma baya ba. In asibitinku sun yarda ku yi gwajin tun ana gobe, yana rage zaman jira. An ba ni allurar filgirastim mai taimaka wa ɓargo ya ƙara fararen ƙwayoyi, tana sa ciwon ƙashi a baya da ƙugu, ku sani tun wuri.

Ƙanwata, autarmu, ke ce mai jaka da littafi. Tun daren zama take haɗa mini jakar, ƙaramin bargo da safa saboda sanyin ɗakin, gorar ruwa, ɗan abin taɓawa mara ƙamshi, man leɓe, caja, katin asibiti da sunayen duk magungunan da nake sha, ta kuma fitar mini da riga mai faɗin hannu yadda za a kai ga jijiya ba wahala. Littafin nan kuwa da farko ban ga amfaninsa ba sai daga baya, kullum tana rubuta yau me na ji, na yi amai ko ban yi ba, na ci abinci, na zaga, zafin jiki nawa, da duk tambayar da ta faɗo mana a gida, don in ka shiga gaban dakta sai kan ya ɗauke ka manta rabin abin da ka zo da shi. Daga littafin muka gane ranakun da nake kwanciya da ranakun da nake samun ƙarfi, tunda nawa duk bayan sati 3 ake yi, sai muka riƙa ajiye hidimomi a satin ƙarshe. Kuma kar wanda ya je zama shi kaɗai in da hali, magungunan da ake fara sawa kafin kemon suna sa jiri da barci, ba lokacin tuƙi ba ne.

Maganar amai, ku sha maganin a kan lokacin da aka rubuta ko da ba ku ji tashin zuciya ba, tare shi ya fi sauƙi a kan tsayar da shi in ya fara. Maganin amai mai suna ondansetiron yana aiki amma yana ɗaure ciki, ku nemi a haɗa muku da mai sassautawa. Deksametason kuma, wanda shi ma ake bayarwa saboda amai, yana hana barci yana ɗaga suga, masu ciwon suga ku faɗa tun farko, kuma ku tambaya ko za ku iya shan sa da wuri kafin yamma. In maganin da aka ba ku bai riƙe ba ku koma ku faɗa, akwai wasu kala, ba dole ba ne a yi ta wahala a ce haka kemo yake.

Maƙwabciyata ta hannun dama, Allah ya raya miki yaranki. Da ta ga warin girki kaɗai yana tayar mini da zuciya sai ta kwashe girkin gidana ta mayar gidanta a ranakun da nake kwance, ta ciyar da yarana, ni kuma ta aiko mini da ɗan kaɗan a ƙaramin kwano bayan ya huce, don abinci mai sanyi bai cika wari ba. Kaɗan kaɗan sau da yawa ya fi babban faranti sau ɗaya, kuma cikin da babu komai ya fi saurin tashi. Lokacin da bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe ita ta kawo mini cokalin roba, ya rage sosai. Komai a dafa shi ya dahu, kayan marmari a wanke da kyau, wanda ya kwana a buɗe a haƙura da shi.

Baki ma a kula da shi tun kafin ya fashe. In akwai haƙori mai ciwo a ga likitan haƙori kafin a fara kemo, a koma buroshi mai laushi, a riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri da bekin soda bayan cin abinci, a guji ruwan wanke baki mai sinadarin barasa. Wasu ana ce musu su tsotsi ƙanƙara lokacin ƙarin ruwa don kare bakin, amma ku tambaya tukuna, don masu karɓar wani kemo mai suna oksalifilatin sanyi ne abin gudunsu.

Yaya babba, ranar gashi ba zan manta miki ba. An gaya mini zai fara zuba sati 2 zuwa 3 bayan zaman farko, na kuma ɗauka na shirya, amma ganin sa a kan filo da safe daban ne da jin labari, na yi kuka sosai. Kika zo da almakashi kika rufe ƙofa kika rage mini shi da hannunki, ba ki ce mini gashi ne kawai ba, ba ki ce in yi shiru ba, kika bar ni na gama kukana. Kuma ke kika ba da shawarar a gaya wa yara tun kafin su gani, cewa magani ne ya sa kuma zai dawo, kuma ciwon nan ba a ɗaukarsa, su rungume ni yadda suka saba. Abin da kawai aka ce mu kiyaye shi ne awa 48 na farko bayan zama, maganin yana fita ta fitsari da amai, a kora banɗaki da ruwa sosai, mai gyarawa ya sa safar hannu. Ba kowane kemo ne yake zubar da gashi ba, ku tambayi naku, ni dai ga nawa ya fara tsirowa.

Da aka koma wani kemon mai suna fakilitaksel sai yatsuna suka fara yin dindiris, tafin ƙafa kamar kiyashi yana tafiya a ciki, na faɗa wa dakta ya gyara adadin maganin. Dakta na gode da ba ka taɓa nuna mini tambayata ta yi yawa ba. Irin wannan a faɗa da wuri, in an yi shiru yana iya daɗewa bayan an gama. Masu ƙuruciya da ke son haihuwa nan gaba, mata da maza, ku yi wannan maganar da likita kafin zaman farko, kuma a kiyaye ɗaukar ciki ana cikin kemo.

Waɗanda suka kawo mini ganyayyaki da saiwoyi da ƙwayoyin ƙarin lafiya, na san ƙauna ce ta sa, na gode har zuciyata, ku yi haƙuri da ban sha ba. Hanta da ƙoda suna fama da kemon, wani abin in ya haɗu da shi yana rage masa ƙarfi ko ya ƙara masa illa, shi yasa ko bitamin ne sai na nuna wa dakta.

Ƙawata da ke zuwa da yamma ta ja ni mu ɗan taka ko zuwa bakin layi ne mu dawo, ashe tafiyar tana rage gajiyar fiye da kwanciya wuni guda. Abokan aikina da suka raba aikina a tsakaninsu, waɗanda suka ba da jini, waɗanda suka taimaka da kuɗi wasu ko sunansu ba su bari na sani ba, surukata da ta riƙe yara, Ummata da ba ta taɓa gajiya da addu'a ba, Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya, ya saka muku da mafificin alheri. 'Yan uwana na ɗakin kemo da muke haɗuwa muna tambayar juna ya jiki ya gwaji, masu ci gaba Allah ya ba ku lafiya ya sa kaffara ne, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙan su ya ba iyalansu haƙuri.

Masu son zuwa dubiya ina maraba da ku, amma jinina bai gama dawowa ba tukuna, dan Allah a kira kafin a zo, mai mura ko tari ya bari sai ya warke, a wanke hannu in an shigo kuma kar a ji haushi in na ce zan kwanta. Saƙonnin da ban amsa ba ina bin su a hankali. Masu tambaya kan shirin kemo ku ci gaba da turowa, abin da na sani zan faɗa muku, wanda ya shafi canza magani kuma likitanku ne mai shi. Na gode, na gode, Allah ya bar zumunci.