Kafin sabar na'ura ta taɓa ƙarfe

Sabar na'ura ƙaramar manhaja ce da ke tsaye tsakanin ƙarfe da mutum. Ita ce ke magana da kyamara ko ma'aunin zafi ko injin juya madubi, sannan ta miƙa wa sauran tsarin abin da ta gani. Ni da Tango Controls nake aiki, tsarin manhajar sarrafa na'urori wanda ya samo asali daga cibiyar bincike ta ESRF da ke Grenoble a Faransa, kuma shi masu gina na'urar hangen sararin samaniya ta SKA suka ɗauka. A Tango sunan kowace na'ura kashi uku ne, kamar sys/tg_test/1, kuma duk sabar da ta tashi sai ta fara zuwa rumbun bayanai ta yi rajista.

Akwai masu ganin tayar da Kubernetes, tsarin da ke gudanar da manhajoji a cikin kwantena (akwatunan manhaja masu zaman kansu), a kan laftof don gwada sabar guda ɗaya wahalar da kai ce. Ban yarda ba. Gwajin da nake yi da PyTango, wato Tango na yaren Python, kai tsaye yana kama kuskuren lissafi, amma ba ya nuna wa zai riga wa tashi, ko wa ya san adireshin wa. A nan ne yawancin rigimar take.

Minikube nake amfani da shi, wanda ke tayar da ƙaramin gungun Kubernetes a laftof. Takardunsa sun ce CPU 2 da ƙwaƙwalwa 2GB sun isa, amma wannan na tayar da shi ne kawai. Da ka ɗora MariaDB, inda Tango ke ajiye bayanan rumbunsa, da sabar rumbun da 'yan na'urori, fankar laftof za ta fara kuka. Ni 8GB nake ba shi. Hoton kwantenar da ka gina kuwa, wato ƙunshin da ake tayar da ita daga gare shi, gungun bai san da zamansa ba, sai ka tura masa da minikube image load. Kada kuma ka laƙaba masa latest, domin Kubernetes zai tafi intanet nemansa, ya dawo maka da ErrImagePull. Ba shi lamba, ka huta.

Sai maganar jeri. Kubernetes ba ya jiran kowa, gaba ɗaya yake tashin komai. MariaDB na nan tana shiri, sabarka ta riga ta duba TANGO_HOST, adireshin sabar rumbun, ta buga ƙofa mai lamba 10000, ba kowa, ta mutu. Za a sake tayar da ita bayan daƙiƙa 10, sannan 20, sannan 40, har jiran ya kai minti 5. Wannan shi ne CrashLoopBackOff. Abin haushin shi ne daga baya komai zai daidaita da kansa, sai mutum ya ɗauka lafiya lau. Ni ina sa initContainer, kwantenar da ke gudana kafin ta sabar, ya tsare hanya har rumbun ya amsa, in kuma ta mutu duk da haka, kubectl logs --previous ne ke nuna mini kalamanta na ƙarshe.

Inda aka fi shan wuya shi ne adireshi. Tango a kan CORBA yake tafiya, ƙa'idar da manhajoji ke kiran juna da ita ta hanyar sadarwa, don haka sabar na rubuta wa rumbun inda za a same ta. A cikin gungu, adireshin kwantenarta take bayarwa, irin 10.244 da wani abu, wanda babu mai iya kaiwa gare shi daga waje. Ka buɗe Jive, manhajar duba rumbun Tango, a laftof, ga sunan na'urar nan ɓaro-ɓaro, rumbun ya ce tana aiki. Ka danna gwaji, shiru, sai saƙon cewa an kasa isa gare ta. Kamar ka tambayi gidan mutum ne a ce maka ɗaki na uku, ba a faɗi unguwa ba.

Akwai magani. Ka kafe lambar ƙofar da ORBendPoint, ka sa omniORB, manhajar CORBA da Tango ke amfani da ita, ya shelanta adireshin waje, ka buɗe hanya da minikube tunnel. Sai dai ko ka yi duk wannan, sanarwar canji ta wata hanyar aika saƙo mai suna ZeroMQ take bi, da nata ƙofofin daban. Shi ya sa za ka iya karanta zafin na'ura daidai, amma zafin ya tashi ba wanda ya sanar da kai. Ni dai na daina wannan kokawar. Gwaje-gwajen nawa ma a kwantena nake sa su, su gudana cikin gungun, inda kowa ke ganin kowa. Jive na leƙe ne kawai.

Abin da gungun laftof ba zai ba ka ba shi ne ƙarfen kansa. Na'urar kwaikwayo ba ta cijewa, wayarta ba ta sakin jiki, ba ta amsa rabin saƙo ta yi shiru. Don haka nakan sa ta jinkirta amsa da gangan fiye da daƙiƙa 3, wanda shi ne iyakar jiran Tango in ba ka canza ba, in ga yadda sabar za ta yi. Kafin in miƙa aiki kuma sai na buga minikube delete, na sake ɗora komai da Helm, manhajar girke kaya a Kubernetes, daga tushe, saboda tsohon rumbu yakan riƙe rajistar da sabon gungu ba zai samu ba.