Gidan opera a tsakiyar dajin Amazon

Kwana biyar muka yi a jirgin ruwa daga birnin Belem zuwa birnin Manaus a ƙasar Barazil, kowa kwance cikin ragarsa, ba abin kallo sai ruwa da kurmi. Shi ya sa da na hauro daga tashar jirgi, gumi na tsiyaya, na hango ƙubbar nan tana sheƙi da kore da rawaya da shuɗi irin na tutar Barazil, sai na saki baki. Teatro Amazonas ke nan, gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Ranar 31 ga Disamba, 1896 aka buɗe shi.

Kuɗin roba ne suka gina shi, kuma attajiran lokacin ba su san ƙwauro ba. Dutsen marmara daga Italiya, ƙarfe daga Birtaniya, tayil 36,000 na ƙubbar daga Turai, duk ta kogi aka shigo da su. Kujeru kusan 700 ne kacal. Na zaci zai fi haka girma.

Inda na fi daɗewa shi ne zauren rawa na bene. Kafin ka shiga sai an ba ka wasu manyan silifas ka zura a kan takalminka, don daɓen katako ne zalla, guntaye 12,000 da aka harhaɗa ba ƙusa. Ni da ban saba ba, taku biyu na yi santsi ya kwashe ni, saura kaɗan in yi zaman daɓaro gaban jama'a. Yarinyar da ke zagayawa da mu ta ƙunshe dariya.

Na tambaye ta ko masu tsaga itacen roba a daji sun taɓa zama kan kujerun nan. Ta girgiza kai. Yawancinsu bashi ne ya ɗaure su a hannun iyayen gidansu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, tun 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashe ƙwayoyin irin itacen roba kimanin 70,000 zuwa Ingila, daga can aka kai Asiya aka dasa. Ashe shekara 20 kafin a rera waƙar farko a nan, an riga an haƙa wa kasuwar robar Amazon rami.

Da na fito, na zauna a dandalin gaban gidan na sha ruwan kwakwa, har hadarin la'asar ya kore ni.