Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka da Madina, da na gida.

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar likita ya duba sakamakon jinin Auta, golanmu na wasan hokin ƙanƙara, ya ce ma'aunin kumburin nan da suke kira CRP ya sauko inda ake so, ya tsayar da magani. Mako shida ke nan cif tun daren da ƙwayar cuta ta bayyana a ƙugunsa. Inna ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, har sai da aka tashe ta sallar asuba. Ba zan maimaita muku labarin ba, kun bi shi tun ranar da aka yi masa tiyatar ƙugu a Finlan har ya iso nan a kan sanduna domin ya ƙarasa jinya kusa da mahaifiyarsa. Dare ɗaya kawai nake so in tsaya a kai.

Wajen ƙarfe biyu ne zazzaɓi ya rufe shi, haƙora na kaɗawa, ya kasa ko gyara kwanciya. Inna ta tashi ta ɗauko abin da kowace uwa za ta ɗauko: zamzam, man zafi, da ragowar kafso na kashe ƙwayoyin cuta da ya yi saura a durowa. Har ta ɓare guda. Allah ya sa an riga an ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu na hawa na biyu, nas ɗin nan ɗan Mai Wurno ta Sudan da duk unguwa ta sani, ya hauro da jallabiyar barci, ko takalmi bai tsaya nema ba. Bai taɓa wurin ɗinkin ba tukuna. Diddigen Auta ya tallafa da tafin hannu, ya ɗan mirgina ƙafar ciki da waje, mirginawar da ba ta kai ta buɗe murfin kwalba ba. Auta ya yi wata ƙara da ta tashi yaran gidan. Wannan fa mutum ne da sana'arsa ita ce tsayawa a gaban abin da ke tahowa da gudun da ya fi na mota a hanyar Makka, bai ko ƙifta ido.

Nas ya juya wajen Inna ya ce, "Hajiya, don Allah ki mayar da wannan ƙwayar. Zamzam ya yi kurɓi ɗaya, sauran ki shafa masa a goshi. Kada komai ya sake shiga cikinsa, wataƙila yau a shiga da shi tiyata." Inna ta ce, "Ɗana, yaro na ƙuna a gabana ka ce kar in ba shi magani?" Ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali, yana yi yana danna 997 a waya.

Bayanin nan nake so kowa ya riƙe. Idan ana zargin ƙwayar cuta ta shiga cikin gaɓa, abu na farko shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da allura a kai ɗakin gwaji, a rene shi, a ga wace ƙwaya ce kuma wane magani ne ke kashe ta. In an riga an sha magani a gida, sau da yawa ƙwayar ba ta tsirowa a gwajin, sai likita ya koma lalube a duhu. Kuma ba a jira gari ya waye, domin mugunya a cikin gaɓa tana iya fara cin guringuntsi cikin kwana ɗaya ko biyu, guringuntsi kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Kafin azahar an zuƙi ruwan, an wanke gaɓar, an ɗaura masa magani ta jijiya. Gwajin ya nuna ƙwayar, aka sauya maganin zuwa wanda ya dace da ita. Na san al'adarmu ba a fallasa mai alheri, kuma na san zai ji nauyin wannan rubutu. Ya yi haƙuri. Malam Nas, Allah ya saka maka da gidan Aljanna, ya jiƙan iyayenka, ya zaunar da Sudan lafiya ka koma ka ga danginka cikin aminci.

Da yawa cikin masu zuwa dubiya sun tambaya: yaro bai kai talatin ba, me ya haɗa shi da ciwon ƙugu irin na tsofaffi? Mu nan gola muka sani na Ittihad da Ahli, mai tsalle yana cafke ƙwallo a sama. Golan hokin ƙanƙara aikinsa a ƙasa yake. Ragar da yake tsaro faɗinta ƙafa 6 ne, tsayinta ƙafa 4. Abin da ake buga masa baƙar roba ce mai tauri, zagayayya kamar murfin gwangwani, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1, nauyinta bai wuce giram 170 ba, kuma a firiza ake ajiye ta kafin wasa don kada ta riƙa tsalle. A hannun ƙwararru gudunta yana wuce kilomita 160 a awa. Babu idon da zai bi wannan daga kusa, don haka gola ba ya jiran ya gani, toshe hanya yake yi. Sai ya zube a kan gwiwoyi, gwiwoyin a haɗe, ƙafafu a baje waje, katifun da ke ɗaure a ƙafafunsa su kwanta a kan ƙanƙara su rufe ƙasan ragar. Sunan wannan zama malam-buɗe-littafi, saboda yadda ƙafafun ke buɗewa kamar fukafukai. Patrick Roy ne ya yaɗa shi daga tsakiyar shekarun 1980 a Montreal ta Kanada, yau kuwa kusan babu golan da ba da shi aka rene shi ba.

Duk wanda yake so ya gane, ya gwada durƙusawa ya tura dugadugansa waje. Ƙashin cinya ne ke murɗawa ciki har ƙarshen iyakarsa. To a haka gola ke faɗuwa da dukkan nauyinsa, da kaya masu kai wa kilo 20 a jiki, ya tunkuɗa da ƙafa ɗaya ya sulale zuwa ɗaya ƙarfen ragar, ya miƙe, ya sake zubewa. A wasa sau da dama, a atisaye ba a ma ƙirgawa. Wanda ya fara tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kamar Auta da ya fara yana ɗan shekara bakwai a hannun Kawu, wuyan ƙashin cinyar yakan yi wani ƙullutu. Ƙullutun nan yana gugar bakin gurbin da kan ƙashin ke zaune a ciki, har ya yaga zoben guringuntsin da ke kewaye da gurbin. Zafin a matsematsi ake jinsa, ba a baya ba, shi ya sa ake daɗewa ana cewa tsoka ce ta ja, ana ta shafa mai. Tiyatar kanta ta huji ce: a ja ƙafar don gaɓar ta ɗan buɗe, a huda wuri biyu ko uku, a shigar da kyamara, a kankare ƙullutun, a ɗinke zoben a bakin ƙashi. Ba kasafai ƙwayar cuta ke biyo bayanta ba. Mu ta biyo mu.

Ba mu kaɗai ba ne. Pekka Rinne, ɗan Finlan da ya tsare ragar Nashville Predators, an yi masa irin wannan tiyata a 2013, a ƙarshen shekarar ƙwayar cuta ta bayyana a ƙugun, aka sake shiga da shi, ya yi watanni ba ya wasa. Ya dawo, a 2018 kuma ya karɓi kambin Vezina, wato na golan da ya fi kowa a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Amma gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Tuukka Rask na Boston Bruins an gyara masa zoben ƙugu a 2021, ya dawo a farkon 2022, wasa huɗu ya buga ya ajiye sana'ar. Shi da yake da likitocin da kuɗi ke iya saye. Don haka masu ce mana "ai ya warke, sai komawa," mun gode da fatan alheri, amma a ci gaba da addu'a.

Sana'ar nan ƙofarta ƙunci gare ta. Kowace ƙungiya gola biyu take shiga wasa da su, ɗaya a raga ɗaya a benci. Ƙungiyoyin NHL 32 ne, kujeru sittin da 'yan kai ke nan ga duk golan duniya. Sauran suna ƙananan gasanni irin wadda Auta ke ciki, inda kwantiragi yawanci na kaka ɗaya ne, kuma in ka kwanta wani ya hau ragarka ya yi kyau, shi ke nan an manta da kai. Saboda haka ne abin da abokin aikinsa ya yi ya taɓa mu ƙwarai. Yaron da ya gaji ragar, wanda rashin lafiyar Auta ta zame masa dama, shi ne kullum bayan wasa yake turo masa bidiyon ƙwallayen da aka zura masa yana tambayar inda ya yi kuskure. Auta yana kwance da allura a hannu, yana tsayar da hoto yana cewa a nan ka zube da wuri, a nan ka bar rata tsakanin kafaɗarka da ƙarfe. Wallahi wannan ne ya riƙe masa zuciya a makonnin da ko banɗaki sai an kai shi. Allah ya shiryi abokin aikin nan nasa ya saka masa.

Haka dattijon da ke kula da kayan 'yan wasa. Bai kwashe kwalkwalin Auta daga ma'ajiyarsa ba, kuma ya zauna ya yi wa katifun gyara biyu. Igiyar da ke ɗaure bakin katifa da kan takalmi ya cire ya sa ta roba mai miƙewa, domin in igiyar ta yi tsauri takan riƙe ƙafa a lokacin zubewa, murɗawar ta haura gwiwa da ƙugu. Sannan ya ƙara tudun matashin da gwiwa ke sauka a kai, gwargwadon abin da doka ta yarda, don cinya ta rage murɗawa. Da an yi wannan shekaru biyar baya, Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance.

A nan gida kuwa ban san ta inda zan fara ba. Goggo da ta baro Madina ta kwana goma sha ɗaya a kan kujerar asibiti. Hajiya mai waina ta bakin masallaci, da ta riƙa aiko da kunun gyaɗa kowace safiya ta ƙi karɓar ko riyal ɗaya. Baba mai taksi da ya yi ta jigilarmu zuwa gashin ƙashi. Samarin unguwa da suka sauko da shi daga hawa na uku a kan kujera daren da lif ya ƙi aiki. Liman da jama'ar masallaci da suka sa shi a addu'a bayan kowace salla. Kawu a Finlan da ya bi takardun inshora ofis-ofis cikin sanyi. Allah ya biya ku da abin da ya fi wannan, ya raba ku da kwanan asibiti, ya sa ku gama da iyayenku lafiya, ya ba 'ya'yanku masu tsaya musu a ranar da ba kwa kusa. Waɗanda suka yi tawafi suka ambace shi a gaban Ka'aba, Allah ya karɓa, ya maimaita muku.

Akwai kuma waɗanda muka yi ta duban ƙofa saboda su. Tsakanin Makka da Jidda ba ta kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Mun san tun farko wasu ba su ɗauki abin da Auta ke yi a matsayin sana'a ba, wasan yara suke ce masa. Ko da hakan ne, wanda ke kwance ɗanku ne, kuma Inna ta tambaye ku fiye da sau ɗaya. Mun yi muku uzuri. Ƙofa a buɗe take.

Masu zuwa dubiya, ga roƙonmu. Za ku tarar da shi yana salla a kan kujera, yana cin abinci a tebur alhali kowa na zaune a ƙasa kewaye da tire. Ba girman kai ba ne, likita ne ya hana shi tanƙwasa ƙugu sosai, ya hana shi harɗe ƙafa da tsuguno har sai an ba shi izini. Kada a matsa masa ya durƙusa gaida manya, kada kuma a kawo mai ɗori ko mai tausa, don Allah. Abin da ke gabansa yanzu keken motsa jiki ne ba tare da nauyi ba, da tafiya a cikin ruwa, da ƙarfafa tsokar ɗuwawu da ta ciki, domin su ne ke ɗauke wa gaɓar aiki. Bayan nan sai sulu a kan ƙanƙara da takalmi kaɗai, babu katifu. Sai a sa katifu a yi motsi a tsaye. Zaman malam-buɗe-littafi shi ne na ƙarshe, a fara da kaɗan ana ƙirgawa, in zafi ya kwana har washegari a koma baya mataki ɗaya. Wanda tiyatarsa ta tafi lafiya yakan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ya tsaya a raga. Nasa zai fi haka, kuma za a ci gaba da auna jininsa lokaci-lokaci don a tabbata ƙwayar ba ta ɓuya ba.

Ranar Juma'a bayan isha'i za mu yi 'yar sadaka da sauke Alƙur'ani a gida. Auta ya ce in likita ya amince, kafin ya koma zai yi umara, ko da a keke ne ta hawa na sama, kuma Malam Nas yake so ya tura shi.