Fadamar Kwalkwalawa ta sauya

Jiya na bi ta Kwalkwalawa, wani ƙauye kusa da birnin Sakkwato, na tsaya wurin wani dattijo mai lambun albasa. Na ce, Baba, yaya ruwa? Ya nuna mini injin ban ruwansa, yana ta tari, tiyo na tsiyayar da laka. A da, in ji shi, ɗan tono kaɗan ake yi a bakin Gulbin Rima a iske ruwa. Yanzu sai an zurfafa, ga tsadar fetur.

Abin haushi, fadamar nan ce ambaliyar 2010 ta shanye har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta karye. Damina ta makara, in ta zo kuma ta zo da ɓarna. Zafin Afrilu kuwa, mu Sakkwatawa ma mun fara kokawa.