Abun da fayif ɗin baƙin mai na tsohuwar MG ya koya min

Garejin da nake aiki a nan Ingila tsofaffin motoci kaɗai muke taɓawa, irin waɗanda masu su ke fitowa da su ranar Lahadi in rana ta fito, su zaga gari su maida su ɗaki. A cikin duk aikin da ya biyo ta hannuna babu wanda ya gyara min tunani kaman ƙera fayif ɗin baƙin mai na MG TC, abun da in ka gan shi a ƙasa ma ba lallai ka sunkuya ka ɗauka ba.

Ga wanda bai san motar ba, ƴar ƙaramar mota ce mai kujera biyu mara rufi da aka yi a garin Abingdon daga 1945 zuwa 1949, kusan guda 10,000 aka ƙera gaba ɗaya, duk sitiyarinsu a dama har waɗanda aka kai Amurka. Injinta XPAG ne mai 1250cc. To shi wannan injin ba kaman na yanzu bane da mai ke bin hanyoyi ta cikin bulok baka ganin komai, a TC akwai fayif a waje ƙuru-ƙuru: ɗaya daga famfon mai zuwa filta, ɗaya daga filta ya koma cikin bulok, wani siriri ya hau ta bayan inji ya kai mai saman kai, sai kuma wanda ke tafiya har dashbod wajen agogon mai. Ko wanne ya tsage kana kan hanya, mai zai tsiyaye ƙasa cikin ɗan lokaci, kafin ka ankara inji ya buga.

Yawancin masu motar da ke zuwa mana abun da suke so shi ne in an ɗaga bonet a ga tagulla tana walƙiya. Kuma gaskiya da kyau, ba ƙarya. Amma ni abun da na fara fahimta shi ne saya ba ya raba ka da aiki. Ana samun sababbin kayan kwaikwayo, wasu dillalan tsofaffin motoci kayansu lafiya lau, amma akwai na intanet da a hoto babu abun da za ka kushe, sai ya iso ka ɗora a jikin inji ka ga baki ɗaya ya zauna ɗayan ya kauce da kaurin yatsa. Wani ma tiredin ne, wato zaren da ake murza kusa a kansa, ba daidai ba. Turawan Ingila tiredin fayif ɗinsu BSP ne mai kusurwa digiri 55, na Amurka NPT ne mai digiri 60, a ƙaramin saiz na 1/8 ɗaya zare 28 ne a inci ɗaya, ɗayan 27. Da ido wallahi ba za ka bambance ba. Zai shiga zagaye biyu ko uku salin alin sannan ya cije, mai gaggawa sai ya ƙara ƙarfi da sifana, shikenan ya cinye tiredi ko ya tsaga mahaɗin.

Ita XPAG ma nata rikicin daban ne. Masana'antar da ta riƙa yin injinan Morris, har da wannan XPAG ɗin, a garin Coventry asalinta ta kamfanin Hotchkiss ce na Faransa, William Morris mai kamfanin Morris ɗin ya saye ta a 1923 ya gaji injinan aikinsu, shi yasa kusoshin injin tiredinsu na milimita ne irin na Faransa amma kawunansu na Whitworth ne, wato tsohon ma'aunin kusoshi na Ingila, don sifanar makanikan Ingila ta kama. Wato noti ɗaya ƙasa biyu. Kusa mai milimita 8 a wannan injin zarenta siriri ne, milimita 1, ba 1.25 da ake samu a kowane shago ba. Tun daga nan ma'aunin tiredi ya koma aljihun rigar aikina, bana yarda da abun da aka rubuta a jikin leda sai na auna da kaina.

In ƙerawa za mu yi, tsohon fayif shi ne zanenmu, komai lalacewarsa ba a yar da shi. Oga na, wani dattijon Bature da ya tsufa a cikin wannan sana'ar, in mai mota ya ce ai na jefar da tsohon a shara, sai kawai ya cire tabarau ya kalle shi, baya cewa komai. Amma kuma ba a bin tsohon ido rufe, mota mai shekara sama da 70 hannu nawa ya taɓa ta? Wani lanƙwasan na masana'anta ne, wani kuma wani bakanike ne ya murɗe shi da hannu tun kafin a haife ni don ya samu wajen sa sifana. Sai ka zauna ka tambayi kowane lanƙwasa dalilinsa. Wannan don ya kauce wa sitiyari ne, wancan don ya bar hanyar cire filta, wancan zagayen da ka ɗauka ado ne ko ɓarnar fayif, an yi shi ne don ya shanye girgizar inji. In ka miƙar da shi don ya fi kyau a ido, ka tara duk girgizar a bakin walda, nan zai karye. Ni yanzu da wayar walda nake fara fitar da siffar a jikin wani mataccen bulok da muka ajiye don wannan aikin, sai ta zauna daram sannan in taɓa tagulla.

Ita tagullar haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, wadda ake lanƙwasawa yawanci kashi 70 da 30. Halinta shi ne duk lanƙwasawa ɗaya tana ƙara tauri, in ka ci gaba da matsa mata sai ta tsage. Maganin a gasa ta. A rage hasken ɗaki, a bi ta da wutar gas a hankali har ta yi ja mai duhu, ba jajawur ba, in ka wuce nan za ka fara ganin farin hayaƙi, tutiyar ce ke ƙonewa, fayif ya lalace kuma hayaƙin ba na shaƙa bane. Sannan a bari ta huce, ba a lanƙwasa ta da zafi. Ko ka tsoma ta a ruwa ba za ta yi tauri kaman baƙin ƙarfe ba. Na taɓa yi wa kawuna bayanin wannan a waya ina ta kawo digiri-digiri, shi maƙerin fari ne a Kano, ya bari na gama ya ce "to ɗana, sai da ka je ƙasar Turawa aka gaya maka ana gasa tagulla?" Na ce Kawu ai a yi haƙuri.

Wajen lanƙwasawa matsalar ita ce kar cikin fayif ya matse. Sirara muna zura musu sifirin, masu kauri kuma ko a cika su da busasshen yashi a toshe bakin da katako, ko a zuba wani ƙarfe mai narkewa a digiri 70 wanda tafasasshen ruwa ma ke fitar da shi. Yashin dole ya bushe ƙarau, mai danshi in ya ji wuta tururi zai yi ya harbo toshiyar. Ni dai bana son yashi a fayif ɗin mai sam, in ba dole ba, saboda ƙwaya ɗaya in ta maƙale ta bi mai ta shiga karanshaf, aikin da za ta jawo ya ninka kuɗin fayif ɗin sau ba adadi.

Inda aka fi sanin gwani shi ne bakin fayif, wajen da ake haɗa shi da zoben tagulla mai rami da kusa ke ratsawa. Liƙin dalma irin na masu gyaran rediyo yana narkewa tun wajen digiri 183, ba shi da ƙarfin jure girgiza, don haka waldar azurfa muke yi wadda ke gudana sama da digiri 600. Sai an goge bakin tas, a shafa hodar walda, tazarar da ke tsakanin fayif da zoben kar ta wuce kaurin gashi ɗaya ko biyu. Wutar kuma a kan zoben ake ɗora ta tunda shi ne mai kauri, ba a kan fayif ba. Za ka ga hodar ta yi kumfa fari, ta lafa, ta koma garai kaman ruwa, to lokacin ne, kana taɓa sandar azurfar sai ta zuƙe da kanta ta zagaye bakin, siririn layi ya fito ta ɗaya gefen. In ka ga kana tura ta tana dunƙulewa, zafi bai kai ba ko wajen bai da tsabta. Kuma kafin duk wannan sai an ɗaura komai a jikin bulok an yi alama, don fuskar zoben in ta karkace ko kaɗan ba za ta kwanta a kan washa ba. Dokar oga ita ce fayif ya iso mazauninsa da kansa, ka iya ɗaura kusoshin duka biyu da yatsu. Wanda sai an janyo shi da ƙarfi kafin kusa ta shiga, ko bai yoyo yau ba yana cikin wahala, kuma wata rana zai nuna.

Wannan maganar ta wahalar da ke ɓoye a cikin ƙarfe tana da tsohon labari. Sojojin Ingila a Indiya sun yi ta ganin kwanson harsashinsu na tagulla yana tsagewa da kansa a lokacin damina ba tare da an harba ba, sai a 1921 aka bayyana dalili, a barga ake ajiye su, amoniyar fitsarin dawakai ce ke cin tagullar a daidai inda aka matsa ta wajen ƙira ba a sake gasawa ba. Abun dariyar shi ne da yawa daga man goge tagulla da ake sayarwa akwai amoniya a ciki, masu motar nan kuma ba abun da suka fi so kaman gogewa. Shi yasa bayan lanƙwasan ƙarshe muke sake bin fayif da wuta kaɗan, kuma muna gaya musu su duba abun da suke shafawa. Wasu su ji, wasu su ce to, su je su ci gaba.

A ra'ayina ma ba ko'ina tagulla ta dace ba. Motar da za a kai gasar nuni alƙalai su leƙa da tocila, to a yi wa mai ita abun da yake so. Amma wadda za a hau a yi tafiya mai nisa, siraran layukan na fi son a yi su da haɗin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da 10, irin wanda Volvo ta fara sa wa a layin birki a 1976, ya fi jure girgiza, in an goge shi ma ba laifi a ido, sai a bar kawunan su zama na tagulla. Muna yawan jayayya da kwastomomi a kan wannan, wani lokacin su ci.

Bayan walda sauran hodar tana bushewa ta zama kaman gilashi a ciki, sai an jiƙa fayif a ruwan zafi, a bi shi da siririn buroshi, a wanke da kananzir, a hura iska, a maimaita har farin ƙyalle ya fito fari. Wannan ɓangaren ba wanda zai gani kuma ya kan ci lokaci fiye da lanƙwasan kansa. Sannan a toshe baki ɗaya a matsa masa mai da famfon hannu ya ninka abun da injin ke bayarwa, wanda in ya yi zafi a kan hanya ya kan tsaya wajen 50 ko 60 psi a ma'aunin matsin mai. Washan jan ƙarfe sababbi ake sawa, in tsofaffin ne dole sai an gasa su sun yi laushi. Ranar tayarwa kuma a cire fulogi, a juya inji da sitata har allurar agogon mai ta motsa, sannan a maida su a tayar, mutum ɗaya na kallon agogo ɗaya na bin kowane mahaɗi da farar takarda. In ya yi zafi ya huce, a sake ɗan taɓa kusoshin da sifana kafin a kira mai mota.