Kwana huɗu a ƙarƙashin gadon Inna

Ina wanke kwanukan sahur ɗin Inna ƙarar farko ta same ni. Asabar ce, 15 ga Afrilun 2023, da hantsi, a gidan da nake haya a kudancin Khartum, ba nisa da unguwar Mayo. Ni ban gane ko mene ne ba. Inna kuwa ta ɗaga kai ta ce, "Dana ce wannan, 'yata. Shiga ciki." Dana shi ne sunan da suke kiran harsashin igwa. Kafin azahar kowa ya ji cewa sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da mayaƙan rundunar RSF ta Hemedti, waɗanda mutanen gari ke kira Da'ama, sun kaure, ana gwabzawa a filin jirgi da fadar shugaban ƙasa.

Ni 'yar Wusasa ce ta Zariya, Kirista tun daga kakanni, karatun jinya ya kai ni Sudan. Inna Bahaushiyar can ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar zuwa Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zama ya ɗore. Hausarta cike take da Larabci, amma ranar da na fara gaishe ta a ƙofar gida ta ji harshena, sai ta rage mini kuɗin ɗaki ba tare da na roƙa ba.

Zan faɗi abin da ya faru da ni yadda yake. Na shige ƙarƙashin angarib ɗinta, gadon nan nasu na katako da igiya, na kasa fitowa sai in fitsari ya matsa. Cikina ya ɗuri ruwa, haƙorana suna haɗuwa alhali ana zafin da ya wuce misali. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Na buɗe baki in yi addu'a, ba abin da ya fito. Kwana shida kacal kafin nan, ranar 9 ga wata, na tsaya a majami'a na rera waƙoƙin Ista da iyakar muryata. Sai ga shi kamar ba a taɓa gaya mini komai ba.

Ba mutuwar kawai nake tsoro ba, kuma na daɗe kafin in gane haka. Labari yana zuwa cewa gawarwaki na kwance a tituna, ba mai iya ɗauka, wasu kuma ana binne su a tsakar gida. Abin da ke cin raina shi ne in mutu a ƙasar da ba tawa ba, jikina ya ruɓe a bakin hanya, mahaifiyata ta rasa ko kabarin da za ta tsaya ta yi kuka. Na yi aiki da gawa a wurin karatu, na san abin da rana irin ta Khartum ke yi wa jiki cikin kwana biyu.

Washegari Lahadi ita ce Istar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da Habashawa, don lissafinsu ya bambanta da namu. Akwai wata maƙwabciyarmu Bahabashiya mai sayar da shayi. Ta yi azuminta na kwana 55, daren da ya kamata ta kwana a coci kuma ya zo cikin ruwan harsashi. Da sassafe na ji muryarta ta kan katanga tana kirana. Ta ce da Larabci, "Almasihu kam." Wato Almasihu ya tashi. Amsar ita ce "Hakkan kam," hakika ya tashi, kuma ba a barin mai gaisuwar a tsaye. Bakina ya yi nauyi, amma na amsa mata daga ƙarƙashin gado. Ta sake faɗa, na sake amsawa, har sau uku.

Bayan ta tafi na kunna waya, cajin da ya rage kaɗan ne, na buɗe Yohanna sura 20. Na sha karanta ta, amma ban taɓa lura da ƙofofin ba. A yammacin ranar da Yesu ya tashi, almajiransa suna cikin ɗaki a kulle saboda tsoro, bayan Maryamu Magadaliya ta riga ta kawo musu labari. Bai tsaya a waje yana jiran su yi ƙarfin hali ba. Ya shigo inda suke, ya yi musu sallama, ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa. Abin da ya fi taɓa ni yana aya ta 26: bayan kwana takwas, sun riga sun gan shi da idonsu, ƙofofin suna nan a kulle, ya kuma sake zuwa.

Hannuwan nan da kwiɓin su suka riƙe ni. Jikin da aka huda da ƙusa da mashi, shi ne ya tashi, da tabonsa. Ashe Allah bai yar da jiki ba. Bulus ya kwatanta shi da iri a 1 Korantiyawa 15: ana shuka shi cikin ruɓa, a tashe shi ba ruɓa. Manomi a Zariya ba ya kuka don dawarsa ta shiga ƙasa. Na ce a raina, in ma a bakin titin Khartum aka shuka ni, wanda ya san inda aka ajiye Ɗansa ya san inda zai same ni. Mahaifiyata za ta iya rasa kabarina, shi ba zai rasa ba.

Kada wani ya ɗauka rawar jikin ta tsaya nan take. Ba ta tsaya ba. Na ci gaba da kwana a ƙarƙashin gado har Talata.

Ran Laraba aka buga ƙofa da ƙarfi. Wani yaro a tsallaken layinmu, ɓarɓashin dana ya yanke shi a cinya, an kuma san akwai mai karatun jinya a gidan Inna. Tsakaninmu da gidansu bai fi taku arba'in ba, amma fili ne, ana jin harbi ta bakin babban titi. Inna ta dube ni ta ce, "Ba na tilasta miki, 'yata." Na ɗauki ɗan bandejin da nake da shi da gishiri da tsohon zane mai tsabta. A bakin ƙofa na faɗi ƙarshen shaidar bangaskiyar da muke yi kowace Lahadi, cewa na gaskata da tashin jiki da rai na har abada. Da ƙarfi na faɗa, don kunnena ya ji. Na bi jikin katanga a duƙe, na tsallaka, gwiwoyina suna karkarwa. Na danne jinin, na wanke ciwon da tafasasshen ruwan gishiri, na ɗaure. Hannuna bai yi rawa ba sai da na gama.

Daga ranar na koyi kada in jira tsoro ya tafi kafin in tashi. Kullum da asuba, sa'ad da Inna ke sallarta, ni ina karanta surar nan a fili, sannan in fita neman ruwa tare da matan layi. Ban daina kwanciya a ƙasa in jirgi ya wuce ba, ban kuma koma kusa da taga ba. Ba a ce mu gwada Ubangiji ba. Wasu daga gida sun turo mini saƙo ta WhatsApp cewa tsoro rashin bangaskiya ne. Na san ƙauna ce ta sa, amma ban yarda ba, kuma ina roƙon a daina gaya wa mutanen da ke cikin wuta haka. Wanda muke bi ya yi gumi kamar ɗigon jini a Gatsemani. Ibraniyawa sura 2 ta yi maganar 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk rayuwarsu. Bautar ce aka karya. Tsoron yana nan, sai dai ya daina ba ni umarni.

Inna ba ta taɓa yi mini gardamar addini ba, ni ma haka. Ita tana cewa wanda kwanansa bai ƙare ba, dana ba ta ganinsa. Ran Juma'a 21 ga wata aka yi ƙaramar Sallah ba nama, ba sabon kaya, ta jiƙa ɗan hilu-mur ɗin da ya rage daga azumi, wato abin shan buɗa-bakinsu na dawa, ta raba mana, har da Bahabashiyar.

Da aka sanar da tsagaita wuta ta kwana uku daga 25 ga Afrilu, muka samu mota zuwa Wad Madani. A shingen farko wani matashi da bindiga ya karɓi fasfona ya daɗe yana juya shi. Na sa ido a kan hannuwansa, ina maimaita kalmomin nan a zuci, har ya miƙo mini. A Madani muka rabu. Inna ta nufi 'yan'uwanta a Maiurno kusa da Sinnar, ni na bi ta Gadarif da Kasala zuwa Port Sudan, daga can jirgi ya kawo mu Abuja a watan Mayu.

Bahabashiyar ba ta biyo mu ba, ta ce za ta jira ƙanwarta. Lambarta ta daina shiga tun a damina ta shekarar. Ranar Ista ta 2024, 31 ga Maris, ina tsaye a cocinmu a Wusasa, limami ya ce Almasihu ya tashi. Jama'a suka amsa da Hausa. Ni da Larabci amsar ta fito mini, yadda na ba ta ta kan katanga.